Daren da GitLab ta goge rumbun bayananta, ta duba ajiya ta tarar wayam

Da misalin ƙarfe 11:30 na daren Talata, 31 ga Janairu 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab ya rubuta umarnin rm, mai goge fayiloli, a tagar umarni, ya danna. Foldar da ya nufa ita ce /var/opt/gitlab/postgresql/data, inda PostgreSQL, manhajar rumbun bayanan kamfanin, ke zuba duk abin da ke hannunta. Niyyarsa ya share ta a kan saba (kwamfutar da ke riƙe bayanan shafin) da ake kira db2, wadda dama ta riga ta lalace, babu abin asara a cikinta. Ashe tagar da ke gabansa ta db1 ce, uwar gidan kanta. Cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ya farga ya tsayar da umarnin, amma aikin gama ya gama. Daga kusan gigabait 300, abin da ya rage bai wuce 4.5 ba. Duk lokutan da za a ambata a nan na agogon UTC ne, mai karatu a Najeriya ko Nijar sai ya ƙara awa ɗaya.

Mutane sun fi riƙe wannan daƙiƙa biyun, don ita ce mai daɗin ba da labari. Ga wanda aikinsa kula da sabobi ne, ita ce mafi ƙanƙantar abin dubawa a lamarin. Duk wanda ya daɗe yana buɗe tagogi uku huɗu a allo ɗaya ya san wata rana hannu zai riga ido. Abin tambaya shi ne me kamfanin ya tarar da ya juya ya buɗe rumbun ajiyarsa. Mun san amsar dalla-dalla saboda GitLab ba ta ɓoye ba: tun ana cikin gyara ta buɗe takardar da injiniyoyinta ke rubuta abin da suke yi kowa ya gani, ta haska aikin kai tsaye a YouTube, sannan ta fitar da cikakken rahoto ranar 10 ga Fabrairu.

Yadda gidan yake

GitLab.com wuri ne da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu suna haɗa hannu a kai. Kayan da ke ciki iri biyu ne. Akwai rubutun manhajar kansa, wato ma'ajiyoyin Git, waɗanda ke zaune a sabobin fayil na daban. Sai kuma duk sauran: sunayen masu asusu, jerin ayyuka, ƙorafe-ƙorafe, sharhi, buƙatun haɗe gyara. Waɗannan suna cikin PostgreSQL, wadda a lokacin take kan sabobi biyu da aka yi haya a Azure na Microsoft. Ɗaya, db1, ita ke karɓar duk rubutu da karatu. Ta biyu, db2, aikinta bin sawu kawai, tana jiran ranar da db1 za ta faɗi ta karɓi ragama.

Sai an fahimci yadda bin sawun ke tafiya kafin a gane abin da ya faru. PostgreSQL ba ta taɓa canza komai a tebur sai ta fara rubuta canjin a wani littafin aiki da ake kira WAL. Littafin a yanke yake gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa megabait 16 a tsarin da aka saba. Mai bin sawu tana karɓar gunduwoyin tana maimaita abin da ke ciki, da haka take zama kwafin uwar. Amma uwar ba ta riƙe tsofaffin gunduwoyi har abada, tana zubar da su don kada faifai ya cika. Idan mai bin sawu ta yi nisa a baya har aka zubar da gunduwar da take jira, igiya ta tsinke ke nan, ba ta da hanyar kamowa. Magani biyu ne sananne: ko a riƙa kwashe kowace gunduwa zuwa wata ma'ajiya ta daban kafin a zubar, ko a sa uwar ta riƙe su har sai mai bin sawu ta ce ta karɓa. GitLab ba ta kwashe WAL zuwa ko'ina a lokacin.

Daga yamma zuwa dare

Da ƙarfe 5:20 na yamma injiniyan ya ɗauki hoton faifan db1, wato kwafinsa kamar yadda yake a wannan lokacin, da LVM, manhajar sarrafa faifai ta Linux, ya loda shi a sabar gwaji. Ba don ajiya ya yi ba, yana so ne ya gwada wani tsarin raba nauyi tsakanin sabobi a kan bayanai sababbi. A riƙe wannan, don shi ne ya ceci kamfanin.

Wajen ƙarfe 7 nauyi ya fara hawa kan rumbun. Masu watsa sharar talla sun yi ta ƙirƙirar rubuce-rubuce ba ƙaƙƙautawa. Daga baya aka gano akwai wani abin kuma a ƙarƙashi: wani ɗan tsokana ya kai ƙarar asusun wani ma'aikacin GitLab cewa yana ɓarna, wanda ya duba ƙarar bai lura na gida ba ne ya amince, sai manhajar ta shiga goge asusun da duk abin da ke rataye da shi. Goge asusun mutumin da ya daɗe yana aiki a wurin ba ƙaramin rubutu ba ne ga rumbu. An kwashe awanni ana fama da wannan.

Wajen ƙarfe 11 db2 ta tsaya cak. Ta yi baya da kusan gigabait 4, gunduwoyin da take buƙata kuma db1 ta riga ta zubar. Hanya ɗaya ta rage: a share db2 tas, a sake kwafo komai daga db1 da umarnin pg_basebackup. Aka share ta. Daga wannan minti kamfanin yana tafiya da kwafi ɗaya tak na bayanansa masu rai, kuma babu alamar wani ya tsaya ya faɗi hakan da baki. A ganina nan ne wurin da ya kamata a dakata a ɗauki sabon hoton faifan db1 kafin a taɓa komai. Aikin minti kaɗan ne.

Sai pg_basebackup ta ƙi tafiya. Da farko ta yi ƙorafin babu isassun hanyoyin aika WAL, aka ɗaga max_wal_senders daga 3 zuwa 32. Wannan canjin sai an sake tayar da PostgreSQL yake kamawa, da aka tayar kuma ta ƙi tashi, tana cewa makullan da take nema daga Linux sun yi yawa. Dalili shi ne max_connections, wato iyakar masu haɗuwa da rumbun a lokaci ɗaya, an ajiye shi a 8000, adadin da ya wuce hankali, ya kuma kusa shekara a haka ba wanda ya kula. Aka sauke shi zuwa 2000, ta tashi. Aka sake buga pg_basebackup, ta yi shiru, ba saƙon kuskure, ba alamar motsi.

Shirun nan ba lalacewa ba ne. Kafin pg_basebackup ta fara kwafi, tana jiran uwar ta kammala sauke abin da ke ƙwaƙwalwarta zuwa faifai, kuma a tsarin da aka saba uwar tana yin wannan a hankali ne don kada ta takura masu amfani. Jiran kan ɗauki mintuna, a rumbu mai nauyi har kusan goma. Wanda ya sani yakan ƙara --checkpoint=fast a umarnin, ko ya haɗa hannu ya jira. Amma ba a rubuta wannan a takardun aikin kamfanin ba, manhajar kuma ba ta ce uffan ba. Injiniyan, wanda tun ɗazu ya ce zai tashi don dare ya yi a inda yake, ya yi zaton ragowar fayilolin gwajin baya ne suka hana ta, tunda pg_basebackup ba ta yarda ta rubuta a foldar da ke da kaya. Zato ne mai ma'ana. Ya je share foldar, ya share a db1.

An yi tunanin ko za a kamo fayilolin ta hanyar da aka saba a Linux, inda fayil ɗin da wata manhaja ke riƙe da shi a buɗe ba ya ɓacewa har sai ta sake shi. Ba ta yi ba, don PostgreSQL ba ta riƙe duk fayilolinta a buɗe a kowane lokaci. Aka sauke shafin, aka juya ga ajiya.

Buɗe rumbu

A lissafin injiniyoyin kamfanin, hanyoyi biyar aka tanada na ajiya da kwafi. Babu ko ɗaya da ta yi aiki yadda aka zata.

Bin sawu ya riga ya mutu, db2 ma an share ta da hannu. Ko da tana raye, a lura: bin sawu ba ajiya ba ne. Yana kare ka daga faifai ya ƙone ko saba ta mutu. Idan wani ya goge tebur da umarnin SQL, mai bin sawu za ta maimaita gogewar cikin daƙiƙa, da biyayya.

Hoton faifai na Azure an kunna shi a sabobin fayil, ba a kunna a na rumbun bayanai ba, bisa tunanin cewa sauran hanyoyin sun wadatar.

Sai babbar madogara, pg_dump, wadda aka tsara ta riƙa fitar da kwafin rumbun gaba ɗaya sau ɗaya a kowace awa 24 ana tura shi ma'ajiyar S3 ta Amazon. Aka leƙa ma'ajiyar, babu komai. Wannan ɓangaren ya cancanci a tsaya a kansa, domin irin kuskuren da ke kwance a ofisoshi da yawa ne yanzu haka.

A lokacin rumbun GitLab.com yana kan PostgreSQL 9.6. Kunshin da kamfanin ke girka manhajarsa da shi, Omnibus, a wancan lokacin yana ɗauke da 9.2 da 9.6 duka, don masu girkawa a sabobinsu da ba su sabunta ba tukuna. Yadda kunshin ke zaɓar wadda zai yi amfani da ita shi ne ya leƙa foldar bayanai ya karanta wani ɗan fayil mai suna PG_VERSION. To, aikin ajiyar ba a kan sabar rumbun yake gudana ba, a kan wata sabar manhaja ce, inda babu foldar bayanai sam. Da kunshin bai ga fayil ɗin ba sai ya koma 9.2. Ita kuma pg_dump tana da ƙa'ida: ba ta kwafar rumbun da ya fi ta sabunta, sai ta ce sigar ba ta dace ba ta fita. Haka take yi kullum idan lokacinta ya yi. Ta tashi, ta ƙi, ta koma.

Ba a ce ba ta yi magana ba. Cron, mai tayar da ayyuka a kan lokaci, yana aika imel duk sa'ad da aiki ya fitar da saƙon kuskure, kuma ya yi ta aikawa. Sai dai adireshin kamfanin yana ƙarƙashin DMARC, tsarin da ke sa sabar karɓar wasiƙa ta ƙi duk wasiƙar da ta zo da sunan kamfanin ba tare da shaidar daga gare shi take ba. Wasiƙun cron ba su da wannan shaida. Mai gadi ya yi ta korar ɗan aiken gida daga bakin ƙofa, mutanen ciki kuma suka ɗauki shirun a matsayin lafiya.

Kowane mataki a wannan sarƙa, in ka ɗauke shi shi kaɗai, daidai ne. Pg_dump ta yi daidai da ta ƙi fitar da kwafin da ba ta da tabbas a kansa. DMARC ya yi aikin da aka sa shi. Kuskuren yana cikin ginin gargaɗin kansa: an tsara a ji labari idan abu ya lalace, ba a tsara a ji labari idan abu ya yi kyau ba. Gargaɗi irin wannan, ranar da hanyar aika shi ta mutu, kamarsa ɗaya da zaman lafiya. Wanda ya dace shi ne a juya shi. Aikin ajiya, in ya gama lafiya, ya rubuta lokacin da ya gama da girman fayil ɗin da ya fitar. Wata na'ura daban ta riƙa dubawa, in awa 26 ta wuce babu sabon rubutu, ko girman ya faɗi ƙasa da rabin na jiya, ta tayar da wanda ke bakin aiki. Da haka ko cron ne ya mutu, ko imel, ko sabar gaba ɗaya, shirun da kansa ya zama ƙararrawa.

Akwai wani ƙaramin tarko mai kama da wannan da ya kamata duk mai rubuta umarnin ajiya ya sani. In aka tura abin da pg_dump ta fitar ta bututu zuwa gzip, manhajar matse fayil, sakamakon da Bash, mai gudanar da umarnin, ke dubawa na umarnin ƙarshe ne. Pg_dump za ta faɗi, gzip ta matse babu komai ta ce ta yi nasara, a samu ɗan fayil na bait ashirin da suna mai kyau da kwanan wata daidai. Layi ɗaya, set -o pipefail, a saman rubutun yana rufe wannan ƙofa. Ba shi ne ya sami GitLab ba, amma 'yan gida ɗaya ne.

Sama da duk wannan, rahoton kamfanin ya amsa abin da ya fi ciwo: babu mutum ɗaya da aka ɗora wa alhakin gwada dawo da ajiya. Da an taɓa cewa wani ya ɗauko kwafin jiya ya tayar da shi a wata saba, a ranar farko za a ga babu kwafin jiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya rage shi ne hotunan LVM. Akwai wanda ake ɗauka kowace awa 24 don sabunta sabar gwaji, wanda a lokacin ya kusa kwana guda da ɗauka. Sai kuma na ƙarfe 5:20, wanda injiniyan ya ɗauka da hannu don wata buƙata daban. Mutumin da ya goge rumbun shi ne ya rage asarar daga kusan awa 24 zuwa kusan awa 6.

Awa goma sha takwas

Samun kwafi daban, dawo da shi daban. Bayanan suna kan sabar gwaji, ita kuma an gina ta da faifai masu araha na Azure, tunda gwaji ce, wa zai kashe mata kuɗi. Faifan na kan hanyar sadarwa ne, an kuma ƙayyade gudunsu a wajen megabit 60 a daƙiƙa. A yi lissafi: megabit 60 megabait 7.5 ke nan a daƙiƙa, kusan gigabait 27 a awa. Ba a iya mayar da faifan zuwa masu sauri a wurin ba, ƙara ƙarfin saba kuma ba ya taɓa wannan iyaka. Kwafin ya ci kusan awa 18, dubban mutane suna kallon layin ci gaba yana rarrafe a YouTube, a wani lokaci masu kallo sun kai wajen 5,000.

Wannan lamba ce da kowane mai kula da saba ya kamata ya sani game da nasa wurin kafin ranar ta zo: girman bayanai a raba da gudun hanya mafi rauni tsakanin ajiya da sabar aiki. Mai terabait ɗaya a ma'ajiyar intanet da layin megabit 20, fiye da kwana huɗu zai yi yana saukewa, in layin bai yanke ba ke nan. In shugaban ofis yana zaton awa biyu ne, gara ya ji gaskiya yau da rana tsaka.

Akwai kuma wata matsala ta daban. Tsarin da ke loda bayanai a sabar gwaji yana cire duk ƙugiyoyin sanarwa, wato adireshin da GitLab ke bugawa ta sanar da wasu manhajoji idan an yi canji. Ana cire su ne don kada gwaji ya riƙa tayar da ayyukan mutane na gaske. Saboda haka kwafin sabar gwaji ba cikakke ba ne. Sai da aka tayar da wani rumbu na biyu daga asalin hoton faifan, aka ciro ƙugiyoyin daga can aka mayar. Wajen ƙarfe 5 na yammacin Laraba, 1 ga Fabrairu, rumbun ya dawo ba ƙugiyoyi, wajen ƙarfe 6 aka kammala.

Kafin a buɗe shafin sun yi wani abu da ya nuna ƙwarewa: suka tura duk lambobin jeri na rumbun gaba da 100,000. Dalilin shi ne kowane aiki da kowane asusu da aka buɗe a awannin da suka ɓata ya riga ya karɓi lamba, lambar kuma ta fita duniya, tana cikin imel da ma'ajiyar wucin gadi da wasu manhajoji. Da rumbun ya ci gaba da ƙirga daga inda yake da ƙarfe 5:20, sabon mutum zai karɓi lambar wanda ya ɓata, abin wani ya iya faɗawa hannun wani.

Abin da aka canza

Wasu gyare-gyaren ƙanana ne har mutum ya yi mamakin ba a yi su tun farko ba. Alamar da ke gaban layin umarni aka sa ta riƙa nuna a fili wace saba ake kai, da launi daban ga sabar aiki. Tsakanin db1 da db2 harafi ɗaya ne, kuma ido mai jin barci ba ya ganin harafi ɗaya, amma yana ganin ja. Aka shiga sa ido kan ajiya da Prometheus, manhajar lura da sabobi, maimakon imel, aka koma kwashe WAL zuwa ma'ajiya ta daban yadda za a iya dawo da rumbu zuwa kowane minti da ake so, aka tsara gwajin dawo da ajiya ya riƙa gudana da kansa, aka kuma ba mutum ɗaya alhakin dorewar bayanai. Halin shirun pg_basebackup ma ya shiga takardun aiki.

Ba a kori injiniyan ba, rahoton kuma bai ɗora masa laifin ba. Wasu na ganin wannan sassauci ne. Ni ina ganin lissafi ne: a wurin da ake korar mai kuskure, na gaba da hannunsa ya zame zai yi minti talatin yana neman yadda zai rufe kafin ya faɗa, a irin wannan dare kuma minti talatin ɗin na iya zama lokacin da tsarin kullum zai rubuta sabon kaya a kan kwafi ɗayan da ya rage. Wannan injiniyan ya faɗa nan take, ya kuma bar wani ya karɓi madannin.

Asarar da aka ƙirga a ƙarshe ita ce duk abin da aka rubuta a rumbun daga ƙarfe 5:20 na yamma zuwa tsakar dare: ayyuka kusan 5,000, sharhi kusan 5,000, da sababbin asusu wajen 700. Ma'ajiyoyin Git ba su sami ko ƙwarzane ba, tunda ba a cikin PostgreSQL suke ba, haka ma waɗanda suka girka GitLab a sabobinsu. Wanda ya buɗe sabon aiki da ƙarfe 8 na daren Talata ya dawo Laraba ya tarar rumbun bai san da aikin ba, bai ma san da shi kansa ba in a daren ya yi rajista, sai ya sake cika fom daga farko.